Ba Maita Ce Ta Kashe Injin Ba

'Yan'uwa direbobi da makanikai na Filinge da ƙasar Kurfai! Mun gaji da jin an ce sammu ne ya kashe injin da aka gyara jiya. Ƙarya ce! Mai gaggawa da mai ha'inci ke ɓuya bayan wannan magana, talaka na biyan kuɗi sau biyu.

A buɗe injin, shi zai ba da shaida. In bangon silinda ya karce, ƙura ce ta shiga, don an ɗaura shi a filin Allah cikin hunturu, ko matatar iska ta huje. In karanshaf ya ci, ba a wanke hanyoyin baƙin mai ba, ko an ɗaure shi ba awo. In fistan ya kama, zafi ne: lagireto ya toshe. In ya fara hayaƙi da wuri, zoben jabu ne, ko an labta masa buhunan hatsi zuwa Yamai tun bai saba ba.

Kowane reshe ya gaya wa mutanensa: a tafi sannu kilomita 1000 na farko, a juye mai, kuma kada a biya ladan gyara sai an ga tsofaffin kayan da aka cire. Gumin talaka ba ganima ba ne!