Jako Ya Canja, Mu Fa?

A nan Zongon Kwatano idan yaro ya cika shirme sai ka ji an ce, "Za mu kai ka Jako." A yi dariya. Amma dariyar nan tana hana marasa lafiya da yawa samun magani.

Jako, wanda ake rubutawa Jacquot, yana wajen Fidjrossè, kusa da bakin teku. A zamanin Turawan Faransa wuri ne na keɓe mutane daga gari. Wanda hankalinsa ya taɓu, a rufe shi don jama'a su huta. Haka aka yi a Yaba ta Legas tun 1907.

Daga baya tunani ya canja. A 1954 Likita Adeoye Lambo ya fara sabon tsari a Aro, kusa da Abeokuta: mara lafiya ya sauka a ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. A Dakar, Likita Henri Collomb ya buɗe ƙofar asibitin Fann ga dangi. A ƙasarmu Farfesa René Gualbert Ahyi ya yi aiki shekaru don Jako ya zama wurin jinya. Yau asibitin gwamnati ne na ciwon ƙwaƙwalwa, ana koyar da likitoci a ciki, mutane da yawa suna zuwa ganin likita da safe su koma gida.

Ra'ayina shi ne, asibitin ya yi gaba, mu ne muka tsaya a baya. Na ga saurayi da aka kawo mana bayan watanni a ɗaure a ɗaki. Igiya ta ci ƙafarsa har ta yi gyambo. Mahaifiyarsa ba muguwa ba ce. Kunya ta ji, tana tsoron kada a ƙi auren ƙannensa.

Za ka ce, "Ai aljanu ne, aikin malam ne." Yi addu'a, ba mai hana ka. Amma addu'a ba ta bukatar mari ko bulala, kuma ba ta hana shan magani. Za ka ce, "Maganinsu yana sa mutum ya sandare." Gaskiya ne, wani yana kawo barci, rawar hannu ko taurin wuya. Koma wurin likita ya gyara awon. Kada ka daina da kanka, ciwon yakan dawo. Za ka ce kuɗi. Nauyi ne, ban musa ba. Akwai kuma cibiyoyin Saint-Camille na Grégoire Ahongbonon a Avrankou da Bohicon da Djougou, masu karɓar matalauta.

Kai shi asibiti da wuri idan ka ga waɗannan: kwanaki ba barci, jin muryoyin da ba wanda yake ji, zargin kowa, ruɗewa bayan haihuwa, ko canjin hali ga mai shan tramol. In ya ambaci kashe kansa, a tafi ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Idan an kwantar da shi, kada ka ajiye shi ka ɓace. Kai masa tuwo. Zauna da shi. In an sallame shi, ba shi ɗan aiki a shago, kira shi da sunansa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.