Gas ɗin AC ba ya ƙarewa, yoyo yake yi

Da zarar bazara ta kankama, zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, sai masu mota su fara neman gwangwanin gas, wai AC ta shanye nata. AC ba ta shan gas. A rufe yake zagayawa tsakanin kwamfiresa da kwandansa da sauran bututai. In ya ragu, to akwai inda yake zurarewa, kuma wanda ya ƙara bai toshe ba ya zuba ruwa a rariya.

Neman yoyon aiki ne da mai mota zai iya a ƙofar gidansa, kuma ina ƙarfafa shi a kai. Kashe inji, buɗe bonet, duba mahaɗar bututai da fuskar kwandansa, inda tsakuwar hanya ke bugu. Gas ɗin tare da mai yake tafiya, don haka duk inda ka ga maiƙo ya kama ƙura, zarge shi. Shafa ruwan omo. In da sauran gas a ciki, kumfa takan tashi a inda yake yoyo. Sau da yawa 'yar robar mahaɗa ce ta bushe.

Zuba gas kuwa, nan nake ja da baya. Akwai takarda a ƙarƙashin bonet mai nuna irin gas da nauyinsa, yawanci bai kai kilo ɗaya ba. Galibin motocin Kwatano R134a ake zuba musu, sababbi kuma R1234yf, ba a gauraya su. In an buɗe bututu, dole a zuƙe iska da danshi da famfo na musamman kamar rabin awa, don danshi na haɗuwa da man ya zama asid, ya ci kwamfiresa. Sannan a auna a sikeli. Mai zubawa da ka yakan wuce ƙima, sanyi ya ragu, kwamfiresa ta galabaita. Ga shi R134a ruwa ne da ke tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili. In ya fantsama a ido ko fata, ƙunar sanyi ce.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu ɗura gas ɗin girki a AC saboda araha, a motar da ake ɗaukar yara. Wuta yake kamawa. Kafin a zuba, ka ce wa mai gyara: "Malam, nuna mini tukunyar, mu kuma ga sikeli."