Mota Ma Tana Zazzaɓi: A Duba Fankar Lagireto

Yau shafinmu zai leƙa gareji, amma ba mu yi nisa da asibiti ba.

Da bazara ta kama a Gusau, daga Maris zuwa Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ka riƙa ganin motoci a gefen titi an ɗaga bonet, tururi na tashi. Mu ma'aikatan jinya mu ke karɓar ƙarshen labarin: hannu ko fuskar da ruwan lagireto ya ƙona. Sau da yawa mafarin abin fanka ce ta daina juyawa ba wanda ya lura.

Alamarta ba ta da wuyar ganewa. Muddin mota na gudu, a ce daga Gusau zuwa Tsafe, iskar da ke bugo ta ta gaba ta isa ta sanyaya lagireto, allurar zafi na zaune a tsakiya. Da an tsaya a shingen jami'an tsaro ko an shiga cunkoson kasuwa, sai allura ta fara hawa. A sake ɗaukar hanya ta sauko. Wannan fanka ake fara tuhuma. In kuwa ana gudun ma mota na zafi, a duba ko ruwa ya ragu, ko lagireto ya toshe. Kuma duk wanda ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, ya san ba ya son mota ta mutu masa da iyali tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe da yamma ta yi.

Gwajin farko a gida ake yin sa. A tayar da mota a kunna esi. A yawancin motoci fanka kan tashi nan take. In babu esi, a bar injin yana aiki a tsaye, idan zafinsa ya kusa digiri 100 ya kamata ta tashi da kanta. Uwargida, ki kame mayafinki kafin ki leƙa, don wasu fankokin na tashi ko an kashe mota.

Idan shiru, sai wajen mai gyaran wayar mota. A nan nake so maigida ya tsaya ya ga abin da ake yi. Mu ba ma kai mutum tiyata kafin gwajin jini, shi ma bai kamata ya ce a sayo sabuwar fanka kafin ya duba ƙananan abubuwa ba. Ya fara da fiyus, sai rilai, sai soket ɗin da zafi kan narkar. Daga nan ya ja waya daga batir zuwa fankar. In ta juya da ƙarfi, lafiyarta ƙalau, laifin na waya ne ko na na'urar da ke auna zafin ruwa ta ba ta umarni. In ta ƙi, ko tana juyi da ƙyar tana ƙara, ta mutu. Fiyus ɗin da ke ƙonewa ana sauyawa yana sake ƙonewa ma ita yake nunawa. Kada a yarda a naɗa masa waya, ta haka mota ke kama wuta.

Sauyawar ba wani babban aiki ba ne: injin ya huce, a cire kan batir, a zare soket, a kwance kusoshi, a sa irin tata. Kafin a biya, a tabbatar iska tana bi ta lagireto zuwa wajen injin, don in aka juya wayoyin baya take hurawa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyi ba hutu, a kuma cire tamostat. Ya yi a matsayin dabarar isa gida, amma in aka bar shi haka fankar ba ta daɗewa, injin kuma ya ƙara shan mai.

Idan allura ta kai ja a hanya, a tsaya a kashe mota, a bar murfin lagireto aƙalla rabin awa. Ruwan ciki a matse yake, yana iya wuce digiri 120, da an buɗe zai yi tsartuwa. Wanda ya riga ya ƙone, a cire masa zobe da agogo, a yi ta zuba ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da ƙwai, man goge baki ko baƙin mai, kuma kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙunar fuska, ta hannu, ta yaro, ko wadda ta fi faɗin tafin hannun mai ita, a kawo mana asibiti a ranar.