Ina Ka Samo? Tambayar da Ba Ta Zama Laifi Ba

A garuruwanmu kowa ya san wannan labari. Mutum ya hau muƙami yana haya, kafin shekara biyar ya gina benaye, ya jera motoci. Albashinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne, ko shekara ɗari ya yi yana tarawa ba zai kai rabin abin da ya mallaka ba. Mu kuma sai mu ce Allah ne ya buɗa masa, maroƙa su yi masa kirari, a ba shi wuri a sahun gaba. Alhali Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Tambayar "ina ka samo?" ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yakan sa a ƙididdige dukiyar gwamna lokacin naɗa shi, in ta ƙaru fiye da kima ya raba ta, ya mayar da kaso baitulmali. Dokokin zamani ma sun bi wannan sawu. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta yaƙi da cin hanci, wadda aka amince da ita a Maputo a 2003, da takwararta ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wannan shekarar, duk sun ambaci arzikin da jami'i ya kasa bayyana asalinsa. Dalili a fili yake: mai karɓar rashawa ba ya rubuta rasit, amma gidan da ya gina ba ya ɓuya.

Sai dai abin da ya faru a Senegal ya isa darasi. A 1981, zamanin Abdou Diouf, aka kafa kotu ta musamman domin irin wannan laifi, ta daɗe tana barci, har Macky Sall ya farfaɗo da ita a 2012. Aka ba Karim Wade, ɗan tsohon shugaba Abdoulaye Wade, wanda ya riƙe manyan ma'aikatu, wata guda ya bayyana tushen dukiyarsa. A watan Maris na 2015 kotun ta yanke masa ɗaurin shekara shida da tarar sefa biliyan 138, kwanaki kaɗan bayan jam'iyyarsa ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. Tsarin kotun bai ba da damar wata kotu ta sake duba hujjojin shari'ar ba, kuma a 2018 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an tauye masa wannan haƙƙi. A 2016 aka yi masa afuwa, ya tafi Katar. Har yau mutanen ƙasar sun rabu: wasu na ganin an hukunta mai laifi, wasu na ganin an kawar da abokin hamayya.

Mu a ganinmu, a ci gaba da yin tambayar, amma da sharuɗɗa. Jami'i ya bayyana kadarorinsa ranar shiga ofis da ranar fita, kuma jama'a su iya gani. Mai gabatar da ƙara ya fara nuna giɓin da ke tsakanin samu da mallaka da hujja, sannan a nemi bayani daga wanda ake tuhuma, a ba shi lokaci da lauya da ƙofar ɗaukaka ƙara. Abu mafi nauyi, a fara da na cikin gida. Gwamnatin da ba ta tambayar ministocinta masu ci, sai waɗanda suka sauka, ta sani abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mu ma talakawa muna da namu kason. Muddin muna raina wanda ya bar ofis da tsohuwar motarsa, muna kiransa sakarai, to mu ne muke koya wa na bayansa sata. Kafin alƙali ya yi tambayar a kotu, ya kamata uba ya yi ta a zaure.