Kayan Maƙulashen Salla: A Koma Ga Gyaɗa Da Mazarƙwaila

Duk shekara idan Salla ta gabato, shaguna da teburan 'yan tireda daga Kwanar Ɗangora har zuwa Tudun Wada sukan cika da cakulan da biskit da minti, waɗanda aka naɗe cikin takardu masu walƙiya. Magidanci yakan ƙirga kuɗi masu kauri ya saya, don kada a ce gidansa ya gaza idan yara sun zo yawon Salla. Faranta wa yara abu ne mai kyau. Abin tambaya shi ne ko ya dace kuɗin da aka samo da fartanya su ƙare a wurin abin da matan gida za su iya yin wanda ya fi shi.

Ƙasar kudancin Kano ba ta rasa kome ba daga cikin abin da ake bukata. Bebeji ita ce mahaifar Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a 1877, kuma ya shahara da cinikin gyaɗa har aka san Kano da dalar gyaɗa a duniya. Cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta karya wannan ciniki na fitarwa waje, amma manoma ba su bar shuka ta ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana cikin ƙasar Bebeji. Akwai rake a fadamun Ƙiru, akwai shinkafa a Tudun Wada, ga masara a Doguwa. Da irin waɗannan ne iyaye mata suka saba yin nakiya da kantun gyaɗa da daƙuwa da gugguru, tun kafin a san cakulan a ƙasar Hausa.

Shi kuwa cakulan da koko ake yin sa, koko kuma an fi noma shi ne a jihohin kurmi irin su Ondo da Osun da Kuros Riba. A 2024 farashinsa a kasuwar duniya ya haura Dalar Amurka 10,000 kowane tan, saboda ƙarancin amfani a Gana da Kwaddebuwa. Kafin wannan, a watan Yuni na 2023, an saki Naira ta nemo wa kanta daraja, kayan waje kuwa suka yi tashin gwauron zabo. Ko sukarin da ke cikin minti, mafi yawansa ɗanye ake shigowa da shi daga Birazil, a tace a nan. Ashe wanda ya sayi kwalin cakulan a Ƙiru ya biya kuɗin jirgin ruwa da na kwastan da na mota, kafin ya biya kuɗin zaƙi. Bayan haka, cakulan yakan narke da ɗumin da bai kai na jikin mutum ba, alhali Ƙaramar Salla ta 2024 da ta 2025 sun zo ne cikin bazara.

Masu cewa yaran zamani ba sa son kayan gargajiya suna da tasu hujja, domin yaro da ido yake fara ci. Amma maganin wannan yana cikin ɗakin girki. Mace ta sami gyaɗa kwano ɗaya ta soya da ɗan gishiri, ta murje, ta fece ɓawon. Ta yi gugguru da masarar da ke fashewa, tun da ba kowace masara ce ke yi ba. Sa'an nan ta narka mazarƙwaila da ruwa kaɗan a kan wuta marar ƙarfi, har sai ta ɗiga a ruwan sanyi ta ga ya daskare. Nan ne za ta zuba garin koko cokali biyu ko uku, ta juye gyaɗa da gugguru da soyayyen riɗi, ta gauraya, ta baza a faranti ya sha iska. Abin da zai fito yana da zaƙi da gishiri da ƙanshin cakulan, ba ya narkewa a aljihun yaro, kuma in ban da garin koko, duk sauran daga gonar maƙwabci suka fito.

Sai dai kayan gida ma suna da nasu sharaɗi. Gyaɗar da aka ajiye da laima takan yi fumfuna, fumfunar kuwa takan haifar da wata guba mai cin hanta, wadda suya ba ta kashe ta. Lalle ne a tsince duk ƙwayar da ta ruɓe ko ta sake launi, a zubar, kada a ce an yi asara. Haka kuma a rufe abin da aka yi saboda ƙuda da ƙura, a guji rinin da ba na abinci ba. Ƙananan yara da ba su iya tauna ba kada a ba su gyaɗa ɗungurungum, don gudun shaƙewa.

Akwai aiki a gaban hukuma. Ya kamata ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su sa cibiyoyin koyar da mata sana'a su riƙa shirya wannan darasi kafin kowace Salla, tare da koyar da tsabta da yadda ake ƙulla kaya a leda mai kyau. Makarantun 'yammata kuma su sa nakiya da kantu a cikin darasin girke-girke, ba kek kaɗai ba, tun tsofaffin da suka ƙware suna raye.

Ma'aikatan gwamnati su ne ya kamata su fara, domin abin da aka gani a falon ma'aikaci shi talaka ke kwaikwayo. Idan malamin ofis ya ba matar maƙwabcinsa kwangilar kayan Salla, kuɗin zai zaga daga hannunta zuwa ga mai gyaɗa da mai rake da mai niƙa, bai bar garin ba. Ɗalibai masu komawa gida hutu kuwa su zauna kusa da kakanninsu su koya, su rubuta awo da ƙa'ida. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.