Sharhi: Sulusin albashi da ma'aunin da bankuna ke auna mai neman rance

Ma'aikacin da ya shiga banki neman rance yakan zaci girman albashinsa ne zai yi masa magana. Jami'in bashi kuwa lissafinsa daban ne: nawa ke fita daga albashin kowane wata domin biyan basussuka, kuma kashi nawa ke nan cikin ɗari na abin da ke shigowa?

Iyakar da akasarin bankunan Najeriya ke aiki da ita ita ce sulusi, wato kashi ɗaya bisa uku. Wannan adadi yana da tushe a Dokar Ƙwadago, wadda sashe na 5 nata ya hana a cire wa ma'aikaci fiye da sulusin albashinsa a wata guda. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ma da wannan ma'auni yake tantance masu neman rancen gida.

A ɗauki misalin mai karɓar naira dubu 150 a wata. Sulusinsa dubu 50 ne. Idan ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinsa tana cire masa dubu 20, abin da ya rage wa banki dubu 30 ne kacal. A kan ruwan kashi 30 cikin ɗari, na tsawon shekara guda, wannan ba zai ɗauki rancen da ya wuce kimanin naira dubu 308 ba. Da zarar kuɗin ruwa ya hau, adadin sai ya ƙara raguwa, ko da albashin bai motsa ba.

Domin gano basussukan da mutum bai bayyana ba, bankuna na tuntuɓar kamfanonin adana tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, bisa dokar da aka kafa a 2017. Tun watan Agustan 2020 kuma, Babban Bankin Najeriya ya ba su damar cire bashin da aka gaza biya daga duk wani asusun mai bashin, ta hanyar lambar BVN.

Sai dai raunin ma'aunin yana ga abin da ya ɗauka tabbas ne, wato cewa kashi biyun da suka saura za su riƙe gida. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, idan aka cire sulusi, zai koma gida da abin da bai kai dubu 47 ba, ga cefane, ga haya, ga kuɗin mota. A takarda ya cancanci rance, amma lissafin bai tambayi bakuna nawa yake ciyarwa ba. Haka nan zubin adashe da bashin mai kanti da na 'yan uwa ba sa bayyana a kowace kwamfuta, alhali su ake fara biya, domin da masu su ake haɗuwa kullum.

Akwai kuma ɗan kasuwa da manomi, waɗanda ba su da takardar albashi. Mai sayar da hatsi a Dawanau yana iya juya kuɗin da ya ninka albashin darakta, amma idan cinikin bai bi ta asusu ba, banki ba shi da abin da zai raba uku. Hukumar CREDICORP da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2024 domin faɗaɗa rance ga jama'a ita ma da ma'aikatan gwamnati ta fara.