A Sifaniya, gara ka zama mai gayya

Duk ɗalibin da ya je karatu Sifaniya, da wuya ya kwana biyu abokan ajinsa ba su ce masa, "Zo mu fita cin tapas" ba. A nan ne yaranmu kan rabu gida biyu. Wasu su ce Allah ya kiyashe su, su koma ɗaki su kulle, su dafa taliya su ci su kaɗai har shekara ta ƙare. Wasu kuma su bi yarima a sha kiɗa, kunya ta hana su faɗin abin da ba sa ci da abin da ba sa sha, duk abin da aka ajiye a gabansu su kai baki. A ganina dukansu sun yi asara. Abin da ya fi shi ne mutum ya faɗi matsayinsa tun ranar farko, sannan ya karɓi ragamar gayyata, ya zama shi ne mai cewa ga inda za a je.

Na yi zaman karatu a Granada, a kudancin ƙasar, don haka bari in kwatanta wurin ga wanda bai taɓa gani ba. Mutanen Sifaniya ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe tara ko goma. Wani ɓangare na dalilin shi ne tun 1940 aka tura agogonsu gaba da awa guda, aka daidaita shi da na tsakiyar Turai, har yau kuma ba a mayar ba. To idan tara ta buga, ka bi ta titin Navas, za ka tarar da shi maƙil. Shaguna ne ƙanana a jere, kowanne da doguwar kanta, kwalabe a bayanta, cinyoyin alade busassu suna reto daga rufi. Kujeru kaɗan ne, yawancin mutane a tsaye suke kafaɗa da kafaɗa. Ga tsohuwa da sandarta, ga magidanci da jariri a keken turawa, ga 'yan jami'a, kowa yana magana da ƙarfi, babu mai jiran wani ya gama. Mai kawo abinci ya ratsa da faranti huɗu a hannu ɗaya, yana ƙwala wa na kicin kira.

Al'adar Granada, wadda Almeriya da Jaen ma suke da ita, ita ce duk abin shan da ka saya za a haɗo maka da ɗan faranti na abinci kyauta, wato tapas, ko da lemon kwalba ka saya. Farantin bai wuce tafin hannu ba. Ka ƙara saye, a kawo wani iri daban. Idan mutane biyar ne, a tsakiya ake ajiyewa, kowa ya sa cokali mai yatsu ya ɗebi loma ɗaya ko biyu. Bayan rabin awa wani ya ce a tashi, a koma shagon gaba da ya fi iya suyar kifi. Kuɗi kuwa, ko dai a yi karo-karo tun farko a danƙa wa mutum ɗaya, ko kowa ya biya zagaye guda. Wanda ya san ciyayya a ƙofar gida, inda kowane magidanci yake fito da kwanonsa a haɗu a ci, zai gane cewa abincin hujja ce kawai ta zama tare.

A irin wannan tsayuwar ake jin wane farfesa ne yake neman mataimaki, wane gida ne za a saki ɗaki mai araha, wa zai iya duba maka rubutunka na Sifaniyanci kafin ka miƙa. Wanda ya kulle kansa a ɗaki ba ya jin ko ɗaya, kuma harshen ma ba ya zauna masa a baki, domin ba a aji ake goge shi ba. Ya dawo gida da takardar shaida, amma ba shi da mutum guda a ƙasar da zai ɗaga wa waya.

Shi kuma mai bin ayari ido rufe, ya kamata ya san cewa faranti ya fi kofi haɗari. Giya dai ana ganinta, ana jin warinta, sai mutum ya miƙa hannu da kansa. Alade kuwa ɓuya yake yi. Babu ƙasar da ta kai Sifaniya yawan gonakin inabi a duniya, haka nan a Tarayyar Turai ita ce kan gaba wajen samar da naman alade. Ɗan dunƙulen nan soyayye da suke kira croqueta, mai kama da an yi shi da madara da fulawa kawai, galibi akwai yankakken alade a ciki. Salmorejo, miyar tumatir mai sanyi ta mutanen Kordoba, a kanta ake barbaɗa shi. Waken da Granada take alfahari da shi, da shi ake dafawa. Wani naman kuma da giya ake sulala shi. Na taɓa tambayar wani mai kawo abinci ko akwai nama a wani faranti, ya girgiza kai da iyakar gaskiyarsa ya ce babu ko kaɗan, ɗan jamón ne kawai aka yayyafa, wato busasshen naman alade. A wurinsa wannan kayan ɗanɗano ne kamar gishiri. Saboda haka sai ka ambaci abubuwan ɗaya bayan ɗaya: alade, busasshen alade, kitsensa, giya a miya.

Duk da haka ba za ka kwana da yunwa ba. Akwai tortilla, wainar ƙwai mai kauri da dankalin turawa da albasa. Akwai soyayyen dankali da miyar yaji, da jatan lande da ake kawowa yana tafarfasa a man zaitun da tafarnuwa, da ƙananan kifaye soyayyu, da yalo da aka yanka siri-siri aka soya aka zuba masa zumar rake. Wajen abin sha akwai ruwan inabi da bai tsimu ba, mosto, amma a yankin Sebiya da Kadis da wannan sunan ake sayar da sabuwar giya, don haka a tambaya. Giyar da aka rubuta wa "sin", wato wai babu barasa, dokarsu ta yarda a samu ƙasa da kashi 1 cikin 100 a cikinta.

Mai jin nauyin yin waɗannan tambayoyi ya tuna a wane gari yake tsaye. Granada ce daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi a 1492. Bayan an tilasta wa Musulmin da suka rage shiga Kiristanci, ƙin cin alade ya zama shaidar da ake kai mutum gaban kotun coci da ita, kafin a kore su daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614. Yau Musulmin Sifaniya sun haura miliyan 2, kuma idan ka ce ba ka cin alade, iyakarta a ɗauke farantin a kawo maka kifi. Abin da ya taɓa jawo wa wasu rasa gida da dukiya, kai jimla ɗaya ce za ka furta. Wace kunya ta rage?

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya. Akwai hadisi a Tirmizi da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, ko da shi ba ya sha. Ni ba malami ba ne, ba kuma zan sassauta abin da ba ni na tsananta ba. Wanda aiki ya tilasta wa halartar irin wannan zama ya je ya tambayi malaminsa. Amma wannan hujjar ita ce ma ta sa nake cewa ka zama mai gayya, domin ɗan gayya ba ya zaɓen teburi. A gindin unguwar Albaisin akwai titin Calderería Nueva, gidajen shayi ne a jere, da shayin na'a-na'a da kayan zaƙi na Maroko da abinci na halal. Ka hau sama kaɗan ka isa masallacin da aka buɗe a 2003, daga lambunsa kana kallon fadar Alhamra. Can nake kai abokaina. Mu yi odar faranti shida ko bakwai mu jera a tsakiya, mu yi karo-karo kamar yadda suka saba, hira ta kai sha biyun dare babu kwalba a teburi.

Wani ƙanenmu da ya zo bayana ya ce mini, "Yaya, ai idan babu giya ba za su zo ba." Na ce masa ya gwada. Wasu ba za su zo ba, gaskiya ne, kuma ba zan ce kowa a can natsattse ba ne. Har fili aka taɓa ware wa matasa a Granada don shaye-shaye, sai a 2016 aka rufe shi. Amma yawancin waɗanda na sani kan riƙe ɗan ƙaramin kofi guda su yi awa suna surutu, wanda ya nuna hirar ce ta fito da su. Irin waɗannan za su biyo ka, har wata rana ka ji ɗayansu ya riga ka tambayar mai kawo abinci ko akwai alade. Wanda kuwa ya ƙi zuwa don babu kwalba, ya rage maka wahalar tantance aboki.

Iyaye masu tura 'ya'yansu Turai kan yi musu nasiha da "kada ka sha, kada ka ci", kuma daidai ne. Sai dai a ƙara musu da yadda ake cewa a'a da fara'a, a ware musu 'yan yuro kaɗan na gayyatar abokai sau ɗaya a wata. Yaron da ya iya tara mutane a teburin da shi ya zaɓa zai dawo da addininsa, ya kuma dawo da jama'a.